Melanoma a kaluluwar ƙirji: Gwajin da ke raba gardama

Lokacin da tsohon shugaban Amurka, Jimmy Carter, ya rasu a watan Disambar 2024 yana da shekaru 100 a duniya, jama'a da dama a Najeriya sun tuna da shi ne saboda yaƙin da cibiyarsa ta yi da cutar kurkunu. Likitocin cutar daji kuwa wani abu dabam suka tuna.

A watan Agustan 2015, Mr Carter ya shaida wa manema labarai cewa an gano yana ɗauke da melanoma, wato nau'in sankarar fata mafi haɗari, kuma ta riga ta kai ga hantarsa da wurare huɗu a ƙwaƙwalwarsa. Da a ce shekaru goma kafin wannan lokaci aka yi wannan sanarwa, da an ɗauke ta tamkar jawabin ban kwana.

Amma bayan tiyata da gashi da kuma wani sabon magani mai suna pembrolizumab, sai ga shi a watan Disambar shekarar yana sanar da cewa hoton da aka ɗauka bai nuna sauran cutar ba. Ya ƙara rayuwa har tsawon shekaru tara.

Wannan sauyi ya ɗora wa aikin gano cutar nauyin da ba shi da shi a da. A zamanin da babu maganin kirki, sanin ainihin inda melanoma ta kai bai cika sauya makomar majiyyaci ba. Yanzu kuwa amsar wannan tambaya ce ke nuna hanyar da za a bi, kuma babu wurin da amsar ta fi wuyar samu kamar kaluluwar da ke can cikin ƙirji.

Girman matsalar

Alƙaluman hukumar binciken cutar daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, sun nuna cewa a shekarar 2022 an samu sabbin masu fama da melanoma kimanin 330,000, kuma kusan 59,000 sun mutu.

Ƙasashen Ostireliya da New Zealand ne ke kan gaba, sai Turai da Arewacin Amurka, inda hasken rana ke yi wa farar fata illa.

Cutar na tasowa ne daga ƙwayoyin da ke samar da launin fata. A Amurka, ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasar ta ƙiyasta cewa farar fata ɗaya cikin 33 zai kamu da ita a tsawon rayuwarsa, alhali a tsakanin baƙar fata mutum ɗaya ne cikin dubu.

Sai dai waɗannan alƙaluma na da wata fuskar. Duk da cewa baƙar fata ba su cika kamuwa da ita ba, idan suka kamu sun fi mutuwa. A Amurkar, fiye da kashi 90 cikin ɗari na fararen fata masu cutar na kaiwa shekaru biyar a raye, yayin da a tsakanin baƙaƙe adadin bai wuce kimanin kashi 70 cikin ɗari ba.

Babban dalili shi ne wurin da cutar ke ɓulla. A jikin baƙar fata, melanoma ta fi fitowa a tafin ƙafa da diddige da tafin hannu da ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta taɓawa kuma ido bai cika kaiwa ba. Rahotannin da asibitocin koyarwa na Najeriya suka wallafa, ciki har da na arewacin ƙasar, sun yi ta nuna abu guda: ƙafa ce cutar ta fi kamawa, kuma majiyyata na zuwa ne bayan ta yi nisa.

Irin wannan nau'in ne ya kashe mawaƙin Jamaika, Bob Marley. An gano cutar a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa a shekarar 1977, bai amince a yanke yatsan ba, ta kuma bazu zuwa huhu da ƙwaƙwalwa. Ya rasu a birnin Miami a watan Mayun 1981 yana da shekaru 36.

Hanyar da cutar ke bi

Baya ga jijiyoyin jini, jikin ɗan Adam na da wasu siraran magudanai da ke kwashe ruwa daga tsoka su mayar da shi cikin jini. A kan waɗannan magudanai akwai ɗaruruwan ƙananan ƙulle-ƙulle masu tace ruwan, waɗanda su ne Bahaushe ke kira kaluluwa idan suka kumbura.

Duk wanda ya taɓa jin ciwo a ƙafa ya ga kaluluwa ta fito masa a gindin cinya ya san yadda abin yake. Ita ma melanoma wannan hanyar take fara bi: ta ƙafa takan sauka a gindin cinya, ta hannu ko gadon baya a hammata, ta kai da fuska a wuya.

Waɗannan kaluluwa na kusa da fata, likita na iya taɓa su da hannu, ya duba su da na'urar sikanin, ya soka allura ya ɗebo abin gwaji. Ko da ba su kumbura ba, akwai dabarar da likitan tiyata na Amurka, Donald Morton, ya bayyana a shekarar 1992, inda ake zuba wani rini ko sinadari kusa da inda ciwon yake, a bi sawunsa zuwa kaluluwar farko da ya shiga, a cire ta a duba. Yawanci ana yin haka ne idan kaurin ciwon ya kai kimanin milimita ɗaya.

Kaluluwar cikin ƙirji ba haka take ba. Tana zaune ne a tsakanin huhu biyu, bayan ƙashin ƙirji, a kewayen maƙogwaro da maƙoshi da manyan jijiyoyin da ke fita daga zuciya. Hannu ba ya kaiwa gare ta, kuma sau da yawa ba ta nuna wata alama. Sai ta girma sosai ne take janyo tari marar jin magani, ko sarƙewar numfashi, ko disashewar murya, ko wahalar haɗiya, ko kumburin fuska da wuya idan ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya.

Bambancin yana da muhimmanci a tsarin da likitoci ke bi wajen auna nisan cutar. Idan melanomar gadon baya ta kai hammata, ana lissafa ta a mataki na uku, kuma tiyata na cikin hanyoyin warkar da ita. Idan kuwa ta kai kaluluwar da ke tsakanin huhu, to ta wuce yankinta na asali, ta shiga mataki na huɗu, inda magungunan da ke zagaya jiki baki ɗaya su ne ginshiƙi.

Alƙaluman Amurka sun nuna cewa kusan dukkan waɗanda aka gano cutar tasu tun tana fata kaɗai na kaiwa shekaru biyar. Idan ta kai kaluluwar kusa, adadin na sauka zuwa kimanin kashi 75 cikin ɗari, idan kuma ta yi nisa ya koma kimanin kashi 35.

Abin da hoto ke nunawa

Hoton ƙirji na yau da kullum, wanda shi ne ake samu a yawancin manyan asibitoci, ba ya nuna kaluluwar sai ta yi girma ƙwarai. Saboda haka hoton CT ne matakin farko na haƙiƙa, inda ake zargin duk kaluluwar da faɗinta ya haura kimanin santimita ɗaya.

Amma girma kaɗai ba hujja ba ne. Ƙaramar kaluluwa na iya ɗauke da cutar, babba kuma ta zamo kumburi ne kawai na wani tsohon ciwo.

Wannan ne ya sa ake ƙarawa da hoton PET, inda ake yi wa majiyyaci allurar wani nau'in sukari da aka haɗa da sinadari mai fitar da haske. Ƙwayoyin melanoma na da tsananin cin sukari, don haka sukan haskaka a hoton. Ita ƙwaƙwalwa da ma can mai cin sukari ce, shi ya sa ake duba ta daban da hoton MRI.

Matsalar ita ce ba cutar daji kaɗai ke cin sukari ba. Duk inda garkuwar jiki ke fafatawa da wata cuta, wurin zai haskaka. Tarin fuka na haskakawa, cutar nan ta kumburin kaluluwa da ake kira sarkoyid na haskakawa, haka ma sankarar kaluluwa da ta huhu.

Akwai kuma wani sabon ruɗani da su kansu sabbin magungunan suka kawo. Da yake aikinsu shi ne zaburar da garkuwar jiki, wasu daga cikin masu shan su kan samu kumburin kaluluwar ƙirji mai kama da sarkoyid. A hoto, abin na kama da yaɗuwar cuta, alhali kuwa martanin garkuwar jiki ne kawai. Likitan da ya dogara da hoto kaɗai na iya dakatar da maganin da ke aiki.

A taƙaice, hoto na iya nuna inda ya kamata a duba, amma ba ya yanke hukunci. Hukuncin yana hannun wanda ya ga ƙwayoyin da idonsa.

Allura ta maƙogwaro

Shekaru da dama, hanya ɗaya tak da ake kaiwa ga wannan kaluluwa ita ce tiyata. A shekarar 1959 ne likitan Suwidin, Eric Carlens, ya bayyana dabarar tsaga ƙasan wuya, a zura bututu ta bayan ƙashin ƙirji a yanko ɗan nama. Dabarar na bayar da amsa mai inganci, amma tana buƙatar a sa majiyyaci barci gaba ɗaya, ga kuma haɗarin zubar jini ko taɓa jijiyar murya.

A farkon shekarun 2000 ne likitoci a Japan, cikinsu har da Kazuhiro Yasufuku, tare da kamfanin Olympus, suka fito da hanyar da ake kira EBUS a taƙaice. Ana zura siririn bututu ta baki zuwa cikin maƙogwaro, a bakinsa akwai ƙaramar na'urar sikanin da ke nuna kaluluwar da ke bayan bangon maƙogwaron. Likita na kallon allo, ya soka siririyar allura ta ratsa bangon, ya zuƙo ƙwayoyi daga cikin kaluluwar ba tare da ya taɓa jijiyar jini ba.

Aikin ba ya cika wuce sa'a guda, kuma yawanci majiyyaci na komawa gida a ranar. Kaluluwar da ke can ƙasa ko baya, wadda ba a iya kaiwa ta maƙogwaro, ana kai mata ta maƙoshi da irin wannan dabarar.

Sai dai allura na da iyakarta. Idan ta ɗebo ƙwayoyin cutar, magana ta ƙare. Idan kuwa ba ta ɗebo komai ba, hakan ba ya nufin babu cutar, domin mai yiwuwa allurar ta kauce wa wurin. A irin wannan hali, idan zargin na da ƙarfi, akan maimaita gwajin ko a koma ga tiyatar Carlens.

Aikin ɗakin gwaji

Abin da aka ɗebo na tafiya ne wajen likitan da ya ƙware a nazarin nama. A nan ma akwai tarko, domin melanoma ta yi suna wajen kwaikwayon wasu cututtuka. Ba kowace ce ke da baƙin launi ba, wadda ta bazu kuma takan rasa launin baki ɗaya, ta yi kama da sankarar huhu ko ta kaluluwa.

Ko da an ga baƙin launin, ba lallai ne ya zamo na melanoma ba. Kaluluwar ƙirjin mutumin da ya daɗe yana shaƙar hayaƙin itace ko na taba ko ƙura kan cika da baƙin toka. Wannan batu ne da ya shafi miliyoyin matan da ke girki da itace a yankin Sahel.

Saboda haka ake amfani da wasu rina na musamman da ke kama alamomin da ƙwayoyin melanoma ke ɗauke da su, irin su S100 da SOX10 da HMB-45 da Melan-A. Idan babu waɗannan rina a ɗakin gwaji, likita na iya cewa ciwon daji ne, amma ya kasa faɗin wane iri.

Daga nan sai gwajin ƙwayoyin gado. A shekarar 2002, masana a cibiyar Sanger da ke Ingila sun gano cewa melanoma da dama na ɗauke da wata tawaya a ƙwayar gadon da ake kira BRAF. Kusan rabin melanomar da rana ke haddasawa na da wannan tawaya, kuma akwai ƙwayoyin sha da aka ƙera musamman dominta. A melanomar tafin ƙafa kuwa tawayar ba ta da yawa haka, abin da ke nufin akasarin majiyyatan Afirka ba za su amfana da waɗannan ƙwayoyi ba.

Akwai kuma abin da ke hannun majiyyaci da danginsa. Melanoma na iya dawowa bayan shekaru goma ko fiye. Mutumin da aka taɓa yanke wa yatsa, ko aka cire masa wani baƙin tabo a diddige shekarun baya, sau da yawa ba ya ganin alaƙar wannan da tarin da ke damunsa a yau, don haka ba ya faɗa. Ga likita kuwa, wannan ɗan labari na iya zama mabuɗin komai. A wasu 'yan tsiraru, kimanin uku cikin ɗari, ana ganin cutar a kaluluwa ko wata gaɓa ba tare da an taɓa gano inda ta faro ba.

Dalilin da ya sa amsar ke da tsada

Kafin shekarar 2011, wanda melanomarsa ta bazu ba ya cika wuce watanni shida zuwa tara. Maganin da aka dogara da shi tun shekarun 1970, dacarbazine, bai taɓa nuna cewa yana tsawaita rayuwa ba.

A shekarar 2011 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ipilimumab, sannan a 2014 ta amince da pembrolizumab da nivolumab. Dukkansu ba sa kashe ƙwayoyin cutar kai tsaye, sai dai su cire wa garkuwar jiki takunkumin da cutar ke fakewa da shi. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan sun samu kyautar Nobel ta 2018 saboda binciken da ya haifar da su.

A watan Satumbar 2024 aka wallafa sakamakon shekaru goma na wani babban gwaji mai suna CheckMate 067, wanda ya ƙunshi majiyyata 945. Kashi 43 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab na raye bayan shekaru goma.

A watan Yunin wannan shekarar kuma, wani gwajin mai suna NADINA, wanda Christian Blank na cibiyar cutar daji ta Holand ya jagoranta, ya nuna cewa ga masu mataki na uku, bayar da maganin kafin tiyata ya fi bayar da shi bayanta. Bayan shekara guda, kimanin kashi 84 cikin ɗari na rukunin farko ba su ga dawowar cutar ba, idan aka kwatanta da kashi 57 na rukuni na biyu.

Waɗannan sakamako ne suka sa kuskure ya yi tsada ta kowace fuska. Idan aka ɗauki kumburin tarin fuka a matsayin yaɗuwar melanoma, za a ɗora majiyyaci a mataki na huɗu, a hana shi tiyatar da za ta iya warkar da shi. An kuma samu rahotannin cewa irin waɗannan magunguna na iya tayar da tarin fukan da ke kwance a jiki.

Idan kuma aka ɗauki melanoma a matsayin tarin fuka, majiyyaci zai shafe watanni shida yana shan maganin cutar da ba shi da ita, yayin da wadda ke gare shi ke ci gaba da yaɗuwa.

Inda tarin fuka ya yi yawa

Kuskure na biyun ne ya fi barazana a ƙasashe irin Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutane rabin miliyan ne suka kamu da tarin fuka a ƙasar a shekarar 2023, adadi mafi yawa a nahiyar Afirka.

Likitan da ya ga mai tari da rama da kumburin kaluluwar ƙirji a Kano ko Maraɗi, ya kuma fara zargin tarin fuka, bai yi kuskure ba, domin a mafi yawan lokuta hakan ne. Gwajin majina da na'urar GeneXpert kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin ma kyauta ne. Matsalar na tasowa ne idan gwajin bai nuna komai ba, aka ɗora majiyyaci a kan maganin bisa zato, sannan babu wanda ya sake dubawa bayan makonni sun wuce ba tare da sauƙi ba. Kuma mutum ɗaya na iya ɗauke da cututtukan biyu a lokaci guda.

Kayan aikin da za su raba gardamar kuwa na da ƙaranci. Sinadarin da ake hoton PET da shi na rasa rabin ƙarfinsa cikin minti 110, saboda haka dole a sarrafa shi kusa da inda za a yi amfani da shi, a wata na'ura mai tsadar gaske da ke buƙatar wutar lantarki marar yankewa. Shi kuwa gwajin EBUS na buƙatar na'ura da allurai na musamman da likitan da ya samu horo, sannan da ɗakin gwajin da zai iya karanta ɗan abin da allurar ta ɗebo.

An samu ci gaba a wasu fannoni. Jamhuriyar Nijar ta buɗe cibiyarta ta farko ta gashin cutar daji a Yamai a shekarar 2021, tare da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. A Najeriya, cibiyar bincike da maganin cutar daji ta ƙasa ta fara aiki a 2023, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da sabbin cibiyoyi a asibitocin koyarwa na Katsina da Enugu da Benin.

Sai dai na'urar gashi ba ta gano cuta. Babban gibin yana ɗakin gwaji, inda ƙwararrun likitocin nazarin nama ba su da yawa, wasu daga cikinsu ma na barin ƙasar zuwa Turai da ƙasashen Larabawa. Na'ura mai tsada na ɗaukar hankali a ranar ƙaddamarwa, amma rinan da ke bambanta melanoma da sankarar huhu ba su cika shiga jawabin 'yan siyasa ba.

Batun kuɗi

Ko an gano cutar, akwai sauran rina a kaba. A Amurka, kuɗin allurar pembrolizumab guda ɗaya, wadda ake yi duk bayan makonni uku, ya haura dala dubu goma. Kamfanin Merck da ke sayar da maganin da sunan Keytruda ya samu kusan dala biliyan 30 daga gare shi a shekarar 2024.

A Najeriya, inda aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a shekarar 2024, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon lafiya ke fitowa daga aljihun jama'a, iyalai ƙalilan ne za su iya ɗaukar wannan nauyi. Asusun tallafa wa masu cutar daji na gwamnatin tarayya ya faro ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya nivolumab da pembrolizumab cikin jerin muhimman magunguna domin melanoma tun shekarar 2019, kuma babban haƙƙin mallakar Keytruda a Amurka zai ƙare a 2028, abin da ake sa ran zai buɗe ƙofa ga masu ƙera makamantansa a farashi mai sauƙi.

Amma ko da farashin ya sauka, akwai tambayar da ke buƙatar amsa. Akasarin waɗanda aka yi manyan gwaje-gwajen da su fararen fata ne masu melanomar da rana ta haddasa. Binciken da aka yi, musamman a China da Japan inda nau'in tafin ƙafa ya yi yawa, ya nuna cewa wannan nau'in ba ya jin magungunan kamar ɗaya nau'in. Don haka alƙaluman da suka faranta ran likitocin Turai ba lallai su yi daidai da majiyyacin Zariya ko Damagaram ba.

Duk da haka, likitoci na ganin sanin gaskiyar cutar na da amfani ko ga wanda ba zai iya sayen maganin ba. Yana kare shi daga watannin shan maganin da ba nasa ba, yana hana iyali sayar da gona ko dabbobi domin tiyatar da ba za ta yi amfani ba, yana kuma ba da damar gashi ko maganin rage raɗaɗi a kan lokaci.

Daga ƙafa ake farawa

A ƙarshe, lissafin na komawa ne inda cutar ta faro. Melanomar da aka kama tana siririya a fata, ƙaramar tiyata ce ke cire ta, aikin da asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi za su iya yi ba tare da PET ko EBUS ba.

Alamomin da likitoci ke gargaɗi a kai sun haɗa da baƙin tabo a tafin ƙafa ko diddige wanda ke girma ko sauya launi, gyambon da ya ƙi warkewa, baƙin layi a farce wanda ke faɗaɗa ko ya malala zuwa fatar gefe, da tawadar Allah da ta fara ƙaiƙayi ko zubar da jini.

Manomi ko makiyayin da ya ga irin wannan yakan ɗauka ƙaya ce ko kaushi, mai ciwon suga kuma ya ɗauka gyambon cutarsa ne. Wasu kan kai wa wanzami ya yanke ko ya ƙona. Yin hakan na iya barin saiwar cutar a jiki, ya kuma salwantar da naman da ya kamata a auna kaurinsa a ɗakin gwaji. Ko a asibiti ma, duk baƙin tabon da aka cire aka jefar ba tare da an tura shi gwaji ba, an yi asarar hujjar da za a nema nan gaba.

Jimmy Carter da Bob Marley cuta ɗaya suka yi fama da ita, shekaru kusan arba'in tsakani. Ɗaya ya samu hoto da gwaji da maganin da babu su a zamanin ɗayan.

Ga majiyyacin Afirka ta Yamma a yau, magungunan sun samu, ko da yake sun fi ƙarfin aljihunsa. Abin da gwamnatocin yankin za su iya yi tun kafin farashin ya sauka shi ne horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa duba tafin ƙafa, da wadata ɗakunan gwaji da kayan aiki, da kuma tabbatar da cewa duk wanda aka ɗora a kan maganin tarin fuka bisa zato, bai kuma samu sauƙi ba, an sake bincikensa.